Sharhi a Kan Karatun Hutu a Ƙasar Sin: Koyon Sinanci Tare da Nazarin Al'amuran Duniya

Muƙaddima

Tun da wayar hannu ta shiga kowane gida, sanarwar guraben karatu a ƙasashen waje ta daina zama labarin mutanen birni kaɗai, har ta kai ɗalibin jami'a da ya zo hutu gida a Durun ko Garo ko Gude cikin ƙasar Kabo, ko a Getso cikin ƙasar Gwarzo, yana iya buɗe wayarsa a zaure ya tarar ana kiran masu sha'awar zuwa ƙasar Sin, su yi 'yan makonni suna koyon Sinanci tare da nazarin al'amuran duniya. Da yake abin baƙo ne, sai fahimta ta rarrabu a kansa: wasu iyaye sun ɗauka digiri ake zuwa a karɓo, wasu sun ɗauka ƙofar samun aiki ce a can, wasu suna ganin yawon buɗe ido ne aka yafa wa rigar ilimi, wasu kuwa fargabarsu ita ce kada yaro ya tafi da tarbiyyarsa ya komo babu ita. Kowane zato daga cikin waɗannan yana da ɗan abin da ya jingina da shi, amma babu wanda ya kama haƙiƙar al'amarin gaba ɗaya. Saboda haka ya dace a warware kalmomin da ake amfani da su, a bi asalin abin da dalilansa, a auna hujjojin masu yabo da na masu suka a mizani guda, domin uba ya san abin da zai sa albarka a kai, ɗa kuma ya san abin da yake nema.

Ma'anar kalmomi

Abu na farko shi ne lokacin. Akan ji ana cewa «karatun bazara», alhali kuwa bazarar Bahaushe ita ce watannin zafin nan da ke gabatar saukar ruwa, watau daga Maris zuwa Mayu. Lokacin da ake nufi shi ne na zafin ƙasashen arewacin duniya, daga Yuni zuwa Agusta, sa'ad da jami'o'insu ke tafiya dogon hutu, wanda a ƙasar Kano ya faɗa tsakiyar damina. Don haka sunan da ya fi dacewa shi ne karatun hutu: gajeren shiri na makonni uku zuwa takwas, wanda ɗalibin da ke cikin karatun jami'a yake zuwa wata jami'ar ya yi, sa'an nan ya komo ya ci gaba da nasa.

Na biyu shi ne harshen. Abin da ake koyarwa shi ne Sinancin da Turawa ke kira Mandarin, Sinawa kuwa suna ce masa Putonghua, ma'ana harshen kowa da kowa, wanda aka gina bisa lafazin mutanen Beijing, shi ne kuma harshen makaranta da na hukuma. Ya sha bamban da Kantonanci, harshen gida na mutanen Guangzhou da Hong Kong, har mai jin ɗaya ba ya fahimtar ɗayan sai ya koya. Rubutun Sinanci alamomi ne waɗanda kowace take ɗauke da gaɓa da ma'ana, kuma jerin da hukumar Sin ta fitar a 2013 ya sanya guda 3,500 a matsayin na yau da kullum. Akwai kuma Pinyin, watau rubuta lafazin Sinanci da haruffan boko, wanda aka tabbatar a 1958, shi ne tsanin mai koyo. HSK kuwa ita ce jarrabawar auna ƙwarewar baƙo a harshen. A tsarinta na matakai shida da aka daɗe ana bi, matakin farko yana buƙatar kalmomi 150, na huɗu 1,200, na shida 5,000.

Na uku, al'amuran duniya fanni ne da ya tattara nazarin hulɗar ƙasashe, da diflomasiyya, watau fasahar wakilci da sasantawa tsakanin dauloli, da cinikayya, da bashi, da dokokin yarjejeniya, da tsaro, da sauyin yanayi. Na huɗu, takardar da ake bayarwa a ƙarshe satifiket ce ta shaidar halarta, wani lokaci tare da kiredit, watau makin kwas da jami'ar gida ke iya lissafawa idan akwai yarjejeniya a tsakaninsu. Misalinta a tsarin zaure shi ne almajirin da ya sauke littafi guda a gaban wani malami: ya samu fa'ida da albarka, amma bai zama mai ijaza a fannin ba. Ita ma biza, watau izinin shiga ƙasa, iri biyu ce ga ɗalibi: X1 ta mai zaman da ya wuce kwana 180, X2 kuwa ta wanda bai wuce haka ba, kuma wannan ta biyun ba ta halatta wa mai ita yin aikin albashi.

Asalin al'amarin

Yin tafiya domin neman ilimi, abin da malamai ke kira rihla, tsohuwar sunna ce a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Makarantar Shari'a ta Kano da aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan ta fara. A tsakiyar shekarun 1950 kuma aka aika wasu ɗaliban Arewa, cikinsu har da Malam Abubakar Gumi, zuwa Bahatur Ruda a Sudan. Game da ita kanta Sin, akwai maganar nan da ta shahara a bakin jama'a mai kwaɗaitar da neman ilimi har can, wadda malaman hadisi irin su Ibnu Hibban da Ibnul Jauzi suka ce danganta ta ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai inganta ba. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta Sahabi Zaidu ɗan Sabitu, Allah Ya yarda da shi, wanda aka umarta ya koyi rubutun Yahudawa domin kada wasiƙun Musulmi su rataya a hannun wanda ba a amince masa ba, ya kuwa ƙware cikin kimanin rabin wata. Illar wannan umarni, watau dalilin da aka gina shi a kai, ita ce tsare amanar al'umma wajen mu'amala da wasu, kuma ita ce har yau ruhin koyon kowane harshen waje.

A zamanin boko, ƙa'idar cewa harshe ba ya nuna sai an zauna cikin masu shi ita ta sa jami'o'in Nijeriya suka riƙa tura ɗaliban Faransanci da na Larabci shekara guda a waje, da kuɗin waje ya yi wuya kuwa, sai aka kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry da Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno a farkon shekarun 1990. Jami'o'in Amurka su suka fi shahara da gajeren tsarin na hutu, kamar shirin Jami'ar Princeton a Beijing da ya fara a 1993, inda ɗalibi kan ɗauki alkawarin ba zai furta wani harshe ba sai Sinanci har tsawon makonni takwas.

Abin lura a nan, wanda ya kamata ya taɓa zuciyar kowane Bahaushe, shi ne Sinawa sun riga mu nisa a wannan hanya. Gidan rediyonsu na Beijing ya fara watsa shirye-shirye da Hausa tun 1963, shekaru takwas kafin Nijeriya da Sin su ƙulla hulɗar jakadanci a ranar 10 ga Fabrairu, 1971, kuma tun cikin shekarun 1960 ake koyar da Hausa a manyan makarantun Beijing. A ɓangarenmu kuwa, sai a 2008 aka buɗe Cibiyar Confucius, watau cibiyar koyar da Sinanci da al'adun Sin, a Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, sa'an nan a 2009 aka buɗe ta Jami'ar Legas. Dukansu biyu a kudancin ƙasa suke, nesa da Kantin Kwari inda cinikin ya fi zafi.

Dalilan da suka jawo sha'awar

Dalili na farko yana cikin gidan kowane mutumin Durun: babur ɗin da ake hawa zuwa Kabo, da injin ban-ruwan lambu, da farantin sola, da wayar Tecno ko itel da ke aljihu, da atamfar lefe, akasarinsu daga Sin suka fito ko kamfanonin Sinawa ne suka ƙera su, domin ita ce ƙasar da Nijeriya ta fi sayo kaya daga gare ta. Ta ɗaya gefen kuma, riɗin da ake tarawa a kasuwar Dawanau yana da manyan masaya a can. Fataken Kano sun daɗe suna zuwa Guangzhou da Yiwu sarin kaya, galibinsu kuwa ta bakin tafinta ko dillali suke ciniki, alhali wanda ba ya jin abin da ake faɗa a gabansa, rabin cinikinsa a hannun wani yake.

Dalili na biyu manyan ayyuka ne. Kamfanin CCECC na Sin ya gina layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan a 2021, shi ne kuma ke riƙe da aikin Kaduna zuwa Kano. A Jamhuriyar Nijar, kamfanin CNPC na Sin ne ya gina matatar mai ta SORAZ kusa da Damagaram, wadda ta fara aiki a 2011. Dalili na uku siyasa ce: Sin tana da kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kafa dandalin haɗin gwiwa da Afirka mai suna FOCAC a 2000, Nijeriya ta shiga shirinta na Ziri Ɗaya da Hanya Ɗaya a 2018, a shekarar ce kuma ƙasashen biyu suka ƙulla musayar kuɗi ta yuan biliyan 15. Na huɗu shi ne tallafin karatu, domin a taron Beijing na 2018 Sin ta yi wa Afirka alkawarin gurabe 50,000, kuma ƙididdigar ma'aikatar iliminta ta nuna ɗaliban Afirka sun haura 81,000 a can cikin shekarar.

Daga nan ake gane hikimar haɗa fannonin biyu a shiri guda. Mai harshe da bai san al'amuran duniya ba tafinta ne kurum, yana isar da magana ba tare da sanin nauyinta ba. Masanin al'amuran duniya da ba shi da harshe kuwa, iliminsa a kan Sin aro ne daga littattafan wasu, da idon wasu yake kallo. Wanda ya haɗa su shi ne zai iya zama a teburin yarjejeniya ya fahimci lafazi, ya kuma fahimci manufa.

Iyakar abin da makonni ke iya bayarwa

Wajibi ne a faɗi gaskiya a wannan gaɓa, domin a nan ruɗani ya fi yawa. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana buƙatar kimanin awa 2,200 na aji kafin ya iya aiki da Sinanci. Shirin makonni takwas, idan ana zaman awa 20 a mako, awa 160 ke nan, bai kai ushirin abin da ake buƙata ba. Wanda ya tafi bai san komai ba zai iya komowa da gaisuwa, da ƙirga, da ɗan cinikin kasuwa, da matakin farko ko na biyu na HSK. Karanta takardar kwangila kuwa aikin shekaru ne.

Duk da haka Bahaushe yana da wata falala da Bature ba shi da ita, watau kunnensa ya saba da karin sauti. Kamar yadda hawa da saukar murya ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya, haka gaɓar «ma» a Sinanci take zama uwa, ko rama, ko doki, ko zagi, gwargwadon wanne aka ɗora mata cikin karin sauti huɗu. Nahawunsa kuma ba shi da wahalar sarfu irin ta Larabci, domin aikatau ba ya sauya siga saboda lokaci ko mai aikatawa. Nauyin yana ga rubutu, wanda ba ya samuwa sai da hadda da maimaici, kuma yaron da ya tashi yana wanke allo yana sake rubutawa ba baƙo ba ne ga irin wannan haƙuri.

Saɓanin ra'ayoyi

Masu goyon baya suna cewa gani ya kori ji: ɗalibin da ya ga yadda Shenzhen ta tashi daga ƙaramin yanki ta zama birnin masana'antu tun bayan da aka ware ta a 1980 zai komo da tambayoyi masu amfani game da unguwannin masana'antu na Kano, watau Sharaɗa da Challawa da Bompai. Suna ƙarawa da cewa gajeren shiri gwaji ne mai sauƙi, wanda ke nuna wa mutum ko zai iya dogon karatu a can kafin ya ɗaure kansa da shekaru huɗu.

Masu suka sun kasu gida uku. Na farko suna duban wanda ya biya kuɗin, suna cewa mai masauki ɗakin da ya share yake nuna wa baƙo. Batutuwa irin su Taiwan, da halin Musulmin Uighur a Xinjiang, wanda ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto a kai a Agustan 2022, Sin kuma ta musanta shi, ba a cika tattauna su a sake a ajin can ba. Irin wannan zargi ne ma ya sa aka rufe akasarin Cibiyoyin Confucius a Amurka. Suna kuma tuna korar 'yan Afirka daga masaukansu a Guangzhou cikin Afrilun 2020, da zanga-zangar marinan Kano ta 2015 a kan kayan Sin da suka danne sana'arsu. Amsar da ake ba su ita ce kowace daula, ta gabas ko ta yamma, da manufa take ba da tallafin karatu, maganin kuwa shi ne ɗalibi ya karanta bayanin kowane ɓangare kafin ya tafi. Adalci kuma ya sa a ambaci cewa durƙushewar masaƙunmu tana da sabubba na gida, kamar rashin wutar lantarki da fasa-ƙwauri, kuma babbar masaƙar UNTL ta Kaduna ma, wadda ta ciyar da dubban iyalai, Sinawan Hong Kong ne suka kafa ta a 1964.

Na biyu suna duban addini. Tabbas gwamnatin Sin ba ta bin wani addini, tana kuma sa ido ƙwarai a kan wa'azi da tarukan ibada. Amma akwai Musulmi fiye da miliyan 20 a ƙasar, da tsofaffin masallatai kamar na Niujie a Beijing, da Huaisheng a Guangzhou, da babban masallacin Xi'an, kuma gidajen abincin halal suna ɗauke da alamar «qingzhen». Abin da ya wajaba shi ne a bincika tun daga gida ko jami'ar tana da ɗakin abincin Musulmi, da nisan masallacin Juma'a, da tsarin masaukin mata, musamman idan ɗiya ce za ta tafi.

Na uku suna duban aljihu da gona. Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, kuɗin jirgi da biza da masauki ya fi ƙarfin gidan manomi, watannin tafiyar kuma su ne na noman firi da maimai, sa'ad da gonar dawa da gyaɗa ke buƙatar hannun kowane saurayi. Ga kuma kalandar jami'o'inmu da yajin aiki ke karkatarwa, kamar na 2022 da ya ɗauki wata takwas, har hutunmu ya daina haɗuwa da nasu. Wannan suka tana da nauyi, kuma hukuncin da ke fita daga cikinta a sarari yake: bai kamata a sayar da gona ko shanun huɗa domin satifiket ta makonni ba.

Abin da zai iya biyo baya

Idan aka bar al'amarin yadda yake, 'ya'yan masu hali na birane su za su ci moriyarsa, ƙauyuka kuma su zama kasuwar 'yan damfara masu karɓar kuɗi da sunan samar da gurbi. Alamar gurbin gaskiya ita ce takardar karɓa daga jami'a mai suna, da neman biza ta hanyar da ofishin jakadancin Sin ya tanada, da sanin ofishin hulɗar waje na jami'ar ɗalibin. Duk wanda ya yi alkawarin aiki a kan bizar X2, to ya yi alkawarin abin da doka ta hana. Akwai kuma haɗarin mantuwa, domin harshen da ba a ci gaba da amfani da shi yakan zube cikin 'yan watanni.

Idan kuwa aka tsara shi, za a iya samun cikin shekaru goma jama'a daga wannan yanki masu jin Hausa da Larabci da Turanci da Sinanci, waɗanda za su tsaya wa fatake a Yiwu, su duba wa manoman riɗi sharuɗan ciniki, su zauna a ma'aikatun da ke sa hannu a kan bashi, tun da Sin ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa guda bin Nijeriya bashi, ko da yake na Bankin Duniya ya fi nata yawa. Jihar Kano da ta taɓa tura ɗalibai 501 karatu waje a 2012 ba za ta rasa ikon ɗaukar nauyin 'yan kaɗan masu hazaƙa daga kowace ƙaramar hukuma ba, Jami'ar Bayero kuma, wadda sabon mazauninta yake kan hanyar Gwarzo ɗin nan da mutanen Kabo ke bi kullum, ita ce mafi cancantar zama wurin share fage da wurin ɗorawa.

Kammalawa

Natijar wannan sharhi ita ce karatun hutu a Sin tsakiyar aiki ne, yana da gaba yana da baya. Gabansa shi ne ɗalibi ya koyi Pinyin da kalmomin matakin farko tun yana gida, ya kuma san tarihin ƙasarsa da alƙaluman cinikinta, domin wanda bai san farashin riɗi a Dawanau ba, ba shi da abin tambaya a Beijing. Bayansa kuwa shi ne ya ci gaba da darasi, ya zauna jarrabawar mataki na gaba, ya koyar da ƙannensa abin da ya samo. Wanda ya cika waɗannan sharuɗa, aka kuma ɗauke masa nauyin kuɗi, ya tsare sallarsa da abincinsa, iyayensa na iya sa masa albarka da natsuwar zuciya. Wanda bai cika su ba, jinkirta tafiyar zuwa wata shekara ya fi masa alheri. Fiye da shekara sittin ke nan Sinawa suna yi mana magana da harshenmu, kuma ba laifi suka yi ba, maslahar ƙasarsu suka tsare. Abin da ya rage shi ne mu ma mu raini waɗanda za su amsa musu da nasu, bisa ilimi da mutunci. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya kai su lafiya, Ya komo mana da su lafiya.